Na'urorin Gem da Suka Kunyata Masu Su: Wacce Za Ka Saya, Wacce Za Ka Ƙyale?

Duk inda masoya gem suka haɗu, in hira ta yi nisa sai an zo kan gardamar nan: wace na'ura ce kamfanin da ya ƙera ta ya fi tafka kuskure a kanta? Wani ya ce Wii U, wani ya ce Virtual Boy, tsofaffin hannu kuma su ce wanda bai ga abin da Sega ya yi wa kansa a 1995 ba bai ga komai ba. Gardamar tana da daɗi, sai dai tana iya ɓatar da mai niyyar sayen ɗaya daga cikin waɗannan tsoffin na'urori, domin asarar kamfani daban, taka daban. Abin da ya kamata ka duba shi ne inda kuskuren yake. In a zauren taron shugabannin kamfani aka yi shi, wajen yanke farashi ko talla ko zaɓen ranar fitarwa, to ya tafi tare da zamaninsa, na'urar kuwa tana nan garau. In kuwa a jikin na'urar aka gina shi, wanda ya saye ta yau ya sayo har da kuskuren.

Zan fara da Sega, don a ganina nan amsar gardamar take. A farkon shekarun 1990 Mega Drive, wadda ake kira Genesis a Amurka, tana kafaɗa da kafaɗa da Super Nintendo. Maimakon a natsu a shirya mata magajiya ɗaya, sai aka shiga yi mata ƙari. Aka fara da Mega-CD, abin da ake haɗa mata don ta karɓi faifan CD, sannan a Nuwamban 1994 aka fito da 32X a kan dala 159.99, wani dunƙulen abu da ake cusawa a ramin kaset na Mega Drive. A wannan watan dai Saturn, sabuwar na'urar Sega, ta fito a Japan. Wato kamfani ɗaya yana sayar wa mutane abin wucin gadi, alhali kowa ya san ta gasken tana tafe. Masu haɗa wasanni suka ƙi ɓata lokacinsu, wasannin 32X gaba ɗaya suka tsaya a 40, waɗanda suka saya suka ji an ci amanarsu. A yau ma ba ta da abin da za ta ba ka. Sai kana da Mega Drive, sai ka samo mata adaftar wuta tata ta kanta, sai kuma wata 'yar waya da ke haɗa su biyun, wadda sau da yawa ta ɓata a hannun mai ita na farko. In ka ƙara da Mega-CD, adafta uku ke nan a soket. Ƙyale ta, sai dai in tara kayan tarihi kake yi.

Saturn kuwa labarinta ya fi tsawo, ya kuma fi ban takaici. An sanar za ta fito a Amurka ranar 2 ga Satumban 1995. Sai ga shi a taron baje kolin gem na E3 na farko a Los Angeles, a watan Mayu, shugaban Sega na Amurka Tom Kalinske ya hau mumbari ya ce ai an riga an kai ta wasu zaɓaɓɓun shaguna, dala 399. Shagunan da ba a sa su ciki ba suka fusata, har kantin kayan wasan yara na KB Toys ya daina karɓar kayan Sega. Masu haɗa wasanni ba su shirya ba, na'ura ta fito ba abin bugawa sai 'yan ƙalilan. A taron nan dai Steve Race na Sony ya zo gaban makirufo, ya faɗi farashin PlayStation, 299, ya koma ya zauna. Ga kuma matsalar ciki: Saturn tana da manyan kwakwalen sarrafawa biyu na Hitachi, da wasu biyu na hoto, kuma sa su su yi aiki tare wahala ce ga masu rubuta wasa. Babban wasan Sonic da ake jira, Sonic X-treme, aka soke shi. Ta ƙare da kimanin miliyan 9.26, mafi yawa a Japan.

Wahalar rubuta wasa dai ba ta shafe ka ba, waɗanda suka sha ta sun riga sun sha. Abin da ya rage shi ne na'urar da ta ƙware a wasannin faɗa da na harbi masu zanen 2D, irin su X-Men vs. Street Fighter da ke buƙatar kaset na ƙarin ma'adana. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wasannin da suka fito a Amurka da Turai kaɗan aka buga, don haka irin su Panzer Dragoon Saga na 1998 sun zama kayan masu hannu da shuni. Na Japan sun fi yawa sun fi sauƙi, amma na'urar tana da kullen yanki, sai da kaset irin Action Replay za ta karɓi faifan wata ƙasa, kuma wasan da labari ne jigonsa ba zai yi maka daɗi da Japananci ba. Akwai wata 'yar ƙofa a bayanta da batir CR2032 ke ciki. Ranar da ya mutu, duk nisan da ka yi a wasa ya tafi. Saturn ta mai haƙuri ce wanda ya san takamaiman wasannin da yake nema.

Dreamcast ita ce ta biya bashin da ba ta ci ba. Ta fito a Japan a Nuwamban 1998, a Amurka ranar 9 ga Satumban 1999 a kan dala 199, da na'urar shiga intanet a jikinta tun kafin abin ya zama ruwan dare. Soulcalibur, Crazy Taxi, Jet Set Radio, Shenmue, Phantasy Star Online, duk cikin 'yan shekaru. Amma jama'a da 'yan kasuwa sun riga sun dawo daga rakiyar Sega, kamfanin haɗa wasanni Electronic Arts ya ƙi kawo mata wasanninsa na ƙwallo, PlayStation 2 kuma ta zo a 2000 tana kunna faifan DVD. A Janairun 2001 Sega ya sanar ya bar ƙera na'ura, bayan an sayar da kimanin miliyan 9.13. Shi ya sa nake ɗora laifin a kan 32X da fitowar Saturn: su ne kuskuren da ya fitar da kamfani sukutum daga kasuwa. Ita kuwa Dreamcast, cikin tsoffin nan ita zan fara nuna wa mai saye. Tana iya fitar da hoton VGA, irin na allon kwamfuta, don haka ba ta muni a allon zamani. Ka saurari injin faifanta kafin ka biya. Ƙararsa dama can haka take, amma in yana ta kai-komo bai karanta ba, idon ya gaji. In ka kunna ka ji wani dogon ƙara daga hannun gem ɗin, kada gabanka ya faɗi, batiran VMU ne suka mutu, wato ɗan katin ajiya mai allo da ake sakawa a hannun, kuma abin da aka ajiye a ciki yana nan. Sandar juyawa ɗaya ce kawai a hannun, wayarsa kuma ta ƙasa take fitowa, wanda ya saba da na yanzu sai ya ɗan sha wuya.

Nintendo yana da biyu a wannan layi, kuma ba su yi kama ba ko kaɗan. Virtual Boy ta 1995, aikin sashen Gunpei Yokoi wanda ya ƙirƙiro Game Boy, ita ce misalin kuskuren da ke jikin na'ura. Tana tsaye a kan ƙafa biyu bisa tebur, ka sunkuya ka cusa fuska, abin da za ka gani ja ne da baƙi kawai. Mutane suka yi ta kukan ciwon kai da na wuya. Wasanni 22 kacal, kimanin na'ura 770,000, ko Turai ba ta kai ba. Da shekaru suka ja, mannin da ke riƙe wayoyin allonta yakan saki, hoto ya riƙa yin layi-layi ko ido ɗaya ya ɗauke. Kuma saboda ƙarancinta ba ta da araha. Ita ce mafi munin saye a jerin nan, ko da yake ba ta girgiza kamfanin ba, domin a lokacin Game Boy na nan yana kawo kuɗi.

Wii U ce ta girgiza shi. Wii ta sayar da fiye da miliyan 101, magajiyarta ta Nuwamban 2012 ta tsaya a miliyan 13.56. Sunan ya rikita mutane, tallan kuma ya fi nuna GamePad, hannun nan mai allo, har iyaye da dama suka ɗauka wani ƙari ne na Wii ɗin da suke da ita. A 2014 shugaban kamfanin Satoru Iwata ya rage albashinsa da rabi. Amma dubi abin da ta bari: Mario Kart 8, Splatoon, Super Mario Maker, Super Mario 3D World, har Breath of the Wild ya fito a kanta rana ɗaya da Switch a Maris 2017. Tana karɓar faifan Wii da hannayenta, tana da HDMI. Wannan ya sa ta zama na'ura biyu a kuɗin ɗaya, ta dace da gidan da yara suke. Sharuɗɗa ne dai da ita. Kantinta na intanet an rufe shi a Maris 2023, wasan haɗaka ta intanet kuma a Afrilun 2024, saboda haka faifai ne madogararka. Kada ka yarda a sayar maka da ita ba GamePad, domin wasu saituttukan ba sa buɗuwa sai da shi, kuma dole ya zama na yanki ɗaya da na'urar. Wasu masu 32GB an same su da lalacewar ma'adanar ciki, don haka a kunna a buɗe wasanni a gabanka. In kuma kana da Switch, yawancin manyan wasannin an sake fitar da su a can, abin da zai ja ka sai irin Nintendo Land da Wind Waker HD.

PlayStation Vita, 'yar na'urar Sony ta riƙewa a hannu, kuskurenta rabi a ofis yake, rabi a jiki. Ta fito a Japan a Disamban 2011, sauran duniya a Fabrairun 2012, da allon OLED mai inci biyar da sandunan juyawa biyu, ga kyau kamar me. Sai Sony ya ƙi amfani da katin microSD da kowa ke da shi, ya ƙera nasa na musamman mai tsada, bayan 'yan shekaru kuma ya daina yi mata manyan wasanni. An daina ƙera ta a 2019. Tsadar katin nan tana nan tana jiran mai saye, don haka farashin da ba kati a ciki ba farashi ba ne. Samfurin farko, 1000, shi ne mai OLED, amma ba shi da ma'adanar ciki kuma cajarsa ta musamman ce. Na biyu, 2000, allonsa LCD ne, ya fi sauƙin nauyi, yana da 1GB a ciki, yana caji da micro USB. Ni na biyun zan ɗauka don sauƙin sha'ani. Sony ya so rufe kantinta a 2021, ya janye da aka yi masa ca. Mai son wasannin labari na Japan irin Persona 4 Golden zai more ta.

Xbox One kuwa kusan duk kuskurenta na baki ne. A 2013, ƙarƙashin Don Mattrick, shugaban sashen Xbox na Microsoft a lokacin, aka gabatar da ita ana ta maganar kallon talabijin, aka ce sai ta leƙa intanet duk awa 24, aka sa takunkumi a kan faifan hannu, aka haɗa ta dole da kyamarar Kinect a dala 499, PlayStation 4 kuwa 399. Kafin ta fito ma Microsoft ya janye dokokin, a 2014 ya cire Kinect, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ba ɗaya daga cikin wannan da ya shafi mai saye a yau. One S ta 2016 tana kunna faifan 4K Blu-ray, One X ta 2017 ta fi ƙarfi, dukkansu suna buga ɗaruruwan wasannin Xbox 360, ko da yake sai an sauke su ta intanet bayan an saka faifan. Ka lura akwai One S da ba ta da ramin faifai sam. Wanda wasa kawai yake so, ba tarihi ba, Xbox One ce mafi amfani a duk jerin. In kuma 360 ɗin kanta ta ja ka, nemi siririyar ta 2010. Ta farko ce mai jan zoben nan, jar fitilar da ke nuna na'urar ta lalace, matsalar da ta ci wa Microsoft fiye da dala biliyan ɗaya a 2007.

Atari Jaguar ta 1993 ba sai an daɗe a kanta ba: wasanni kusan 50, masu kyau irin Tempest 2000 ba su cika hannu ba, ga tsada. Stadia ta Google, wadda ta intanet kawai ake buga wasanninta, ita ma babu abin saye, an kashe ta a Janairun 2023 aka mayar wa mutane kuɗinsu.

Saura abu biyu da suka shafi Saturn da Dreamcast. Injin wutarsu a ciki yake, kuma na Japan na wuta mai ƙarfin volt 100 ne, na Amurka 120, na Turai 220 zuwa 240. Karanta takardar da ke manne a ƙasan na'urar kafin ka jona, domin in wutar gidanka ta fi ƙarfinta hayaƙi za ka gani a daren farko. Sannan in wasannin bindiga irin Virtua Cop ko The House of the Dead 2 ne suka ja hankalinka, bindigar ba ta aiki da talabijin mai shafaffen allo. Sai ka tanadi tsohuwa mai ƙeya, ka kuma sa kuɗinta da wurin ajiyarta a cikin lissafi.