Indomin mota da zoben ango: saƙo daga Birmingham

Assalamu alaikum Yaya. Ya kasuwa, ya jikin Inna?

Watan jiya na fito da asuba zan tafi aiki, ina tayar da mota sai ta ɗauki ƙara kamar injin niƙa. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashi, sai ga bututun salansa an datse shi wuri biyu, yanka tsaf, indomin, wato tukunyar nan mai tace hayaƙin mota, ya yi layar zana. Maƙwabcina ya ce da jak da zarto mai batir, ɓarayin ba sa cika minti uku.

Sai na tuna zamana a shagonka na Ƙofar Ruwa. Mutum ya kawo mota, a ce masa indomi ya toshe, shi ke shaƙe ta. A fasa, a zazzage, a yi walda, mai mota ya tafi yana godiya, ɗan gwangwan kuwa yana gefe da buhunsa. Ban taɓa tambayar me yake so da garin tangaran da ake zazzagowa daga cikin indomin ba. Ashe wannan tangaran mai ramuka kamar saƙar zuma an shafe shi ne da filatinum da 'yan uwansa biyu, faladiyum da rodiyum, 'yan giram kaɗan duka-duka. Hayaƙi mai guba ya bi ta kansu da zafi sai ya fito da sauƙin illa, su kuma suna nan yadda suke, ba tsatsa. Filatinum ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,768, alhali zinariya a 1,064 ta zama ruwa. Kusan kashi 70 cikin ɗari na wanda ake haƙowa a duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa, musamman wajajen Rustenburg.

A nan babu maganar a jona bututu a ci gaba da tafiya. Tun 1993 sabuwar mota mai fetur da indominta take fitowa, kuma duk wadda ta shekara uku sai ta je gwajin lafiyar mota da ake kira MOT kowace shekara. Za su zura na'ura a salansa su auna hayaƙin, in ta faɗi sai ka ajiye ta. Dokar 2013 kuma ta hana masu sayen tsohon ƙarfe biya da tsabar kuɗi, sai ta banki, sai ka nuna shaidar ko kai wane ne. Doka ta yi kyau a takarda, amma 'yan sanda lamba kawai suka ba ni in kai wa kamfanin inshora. Garejin ma sai da na yi layin mako uku ina bin bas, ga kuɗin aiki da awa ake lissafa shi. Wallahi na yi kewar makanikanmu, da ka kai musu da hantsi, kafin la'asar kana kan hanya. Abin da zan yaba wa na nan, sun ba ni rasit da garanti, kuma abin da suka rubuta shi suka saka.

Batun kayan lefen Auta kuwa, na shiga unguwar maƙeran zinariya ta garin nan. Mai shago ya ɗora min zobba biyu masu girma ɗaya a tafin hannu, dukansu farare, amma ɗaya ya fi nauyi sosai. Shi ne filatinum. Ɗayan farar zinariya ce, wato zinariya aka gauraya da farin ƙarfe aka rufe da rodiyum, in ta kwana biyu rawayar takan fara leƙowa. Ya ba ni gilashi na duba cikin zoben: ga 950 a cikin wani ɗan zane mai kusurwa biyar, ga alamar anka ta jirgin ruwa, hatimin ofishin gwajin ƙarfe na Birmingham da aka kafa a 1773. Duk kayan filatinum da ya kai rabin giram, sai da hatimi ake sayar da shi da wannan sunan. Ba rantsuwa, ba goga dutse.

Duk da haka kar a saya wa amarya. A 2008 oza ɗaya ta filatinum ta haura dala 2,000, ninki biyu na zinariya, yanzu kuwa zinariya ta wuce shi nesa. Sannan matanmu sarƙa ajiya ce gare su, ranar da ta ɓaci a kai Kasuwar Rimi a karɓo kuɗi. Wa zai karɓi farin abu mai kama da azurfa da darajarsa? A tsaya a kan giram ɗin Dubai. In zoben ango ne, malamai da yawa sun ce filatinum ba zinariya ba ne, namiji zai iya sakawa, saɓanin farar zinariya. Ka ƙara tuntuɓar Malam kafin in biya.

Motar da za ka ɗauko daga Kwatano, ka sa a ɗaga ta a gabanka, ka duba ko akwai sabuwar walda kusa da indomin kafin ka miƙa ko sisi. A gaida Inna da su Umma da yara.