Mako takwas ina koyon numfashi: abin da na gani a kwas ɗin rage gajiyar aiki

Abin da ya kai ni shiga kwas ɗin nan ba abin alfahari ba ne. Wata safiya bayan na kwana a bakin aiki, ɗalibata ta soki wata tsohuwa sau uku ba ta samu jijiya ba, sai na daka mata tsawa a gaban majinyata. Har muka bar ɗakin hannun ɗalibar na rawa. Ni kuwa an ba ni amanarta ne in koya mata jinya.

Ta intanet na yi shi, a kan tsarin MBSR, wato rage damuwa ta hanyar tattara hankali, da wani masani Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, tun asali domin masu fama da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Mako 8 ne, zama ɗaya a mako na awa biyu da rabi, sai aikin gida na minti 45 kullum. Jin cewa tushensa na da alaƙa da addinin Buda ya sa na yi ɗari-ɗari, amma ban tarar da wata ibada a ciki ba: ki zauna, ki lura da numfashinki, in hankali ya gudu ki dawo da shi.

Ranar farko aka ce a ci ƙwayar zabibi ɗaya a hankali. Dabino na samu. Na shinshina, na juya shi, na ji ɓawonsa a harshe, ina dariyar kaina. Sai na tuna rabona da sanin ɗanɗanon abincin rana tun ban san yaushe ba, kullum a tsaye nake turawa.

Minti 45 ɗin nan kam, wanda ya tsara shi bai san rayuwar mai aikin dare da 'ya'ya huɗu ba. Darasin bin gaɓoɓin jiki da hankali daga yatsun ƙafa zuwa kai, ban taɓa wuce gwiwa ba barci ya kwashe ni. Ga cin data. Kuma babu numfashin da zai ƙaro nas a ɗaki mai cike da gadaje, ko da yake mai koyarwar ba ta yi wannan alkawarin ba.

Abin da ya zauna mini ƙarami ne. Duk sanda na tsaya wanke hannu tsakanin gado da gado, nakan ja numfashi uku, in ji ko haƙorana a cije suke. Sau da yawa a cije suke. Makon jiya wani ɗalibi ya ɗaura abin awon hawan jini a juye. Na ji tsawar ta taso har maƙogwaro, sai na ce, "Kwance, ka sake ɗaurawa, ina nan." Ya sake, ya yi daidai.

Ga 'yan'uwa masu koyarwa a gefen gado, ku gwada, amma ku nemi kwas ɗin da ake ajiye darasinsa a saurara daga baya. Zama biyu na rasa saboda an kira ni tiyatar gaggawa.