Gargaɗi ga masu tara faifan garmaho: an damfare ni Naira 360,000

Jama'a, yau kwana tara ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in haɗiye in yi shiru. Kunya ce ta ɗaure mini baki. Sai jiya bayan Isha'i wani ɗan'uwa a guruf ɗinmu na masu tara faifai ya turo mini hoto a WhatsApp yana tambaya ko na san mai kayan. Ina buɗewa gabana ya faɗi. Hoton nan ne dai, faya-fayan nan ne, a jere kan jar dardumar nan da na haddace kowane zarenta. Wato mutumin bai ko huta ba, ya cinye Naira 360,000 ɗina ya koma farauta.

Naira 360,000. A wannan marrar.

Kafin wani ya ce mini ai ganganci na yi, ku sani ni ba baƙo ba ne a harkar nan. Faifai na tashi na gani a gidanmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a masaƙar Kakuri ya yi aiki, kuma duk ƙarshen wata sai ya shigo da faifai ɗaya a hammata. Garmahonsa ne har yau a falona a Unguwar Rimi, nan Kaduna, allura kawai nake canza masa. Sama da shekara 15 ina bin gidajen tsofaffi da rumfunan 'yan gwangwan, daga Fanteka har Kasuwar Barci, ina tono abin da mutane suka watsar. Na san faifan da rana ta lanƙwasa tun kafin in zare shi daga kwali. Ba a taɓa cutata ba, ko sau ɗaya, sai wannan.

A Facebook mutumin ya fara yi mini magana. Ya ce mahaifinsu ya rasu, ya yi karatu a Ingila, a Manchesta, ƙarshen shekarun 1970, ya bar akwati biyu na faifai, su kuma ba su san kan abin ba. Ya ce yana Zariya. A cikin akwatunan akwai faifan Unknown Pleasures na ƙungiyar mawaƙan Joy Division, wanda kamfanin Factory ya fitar a 1979, kuma su Joy Division da Factory ɗin duk 'yan Manchesta ne. Ku gaya mini, wa zai ji wannan bai ce labarin ya hau ba? Shekara ta yi daidai, gari ya yi daidai. Duk mai son kiɗan da ake kira post-punk ya san baƙin kwalin nan mai fararen layuka kamar duwatsu, ba sunan mawaƙa a gabansa, kuma bugun farko kwalinsa na da kaushi-kaushi in ka shafa.

A'a, na yi gaba. Kafin duk wannan sai da na gwada shi. Wannan ne abin da nake so a fahimta. Na gwada shi. Na zaɓi faifai ɗaya mai sauƙin kuɗi, na Santana na 1970, Naira 15,000, ya ba direba, na karɓa a tashar Kawo washegari. Faifai na gaske, tsaf, ya naɗe shi da jarida da kwali biyu. Na ɗora a garmaho ya yi ta kiɗa ba ko tsalle ɗaya. Ashe tsaba ce ya watsa mini.

Sai maganar Blue Train ta John Coltrane. Nan ne aka gama da ni, kuma nan ne nake ta komawa kullum in na kwanta. Wanda bai sani ba, faifan jaz ne na kamfanin Blue Note, lamba 1577, an ɗauke shi a 1957. An sake buga shi ba adadi, sabon bugu ko ina ana samu. Abin da masu tarawa ke nema shi ne tsohon bugu, kuma yana da shaidu: adireshin 47 West 63rd a jikin tambari, wani zobe mai zurfi da ya zagaye tambarin, sannan a ɗan filin nan da babu waƙa, tsakanin ƙarshen kiɗa da tambari, akwai harufan RVG, wato Rudy Van Gelder da ya ɗauki sautin, da wata 'yar alama mai kama da kunne, ta masana'antar Plastylite da ke buga musu faifai kafin kamfanin Liberty ya sayi Blue Note a tsakiyar shekarun 1960. Ni ban gaya masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wallahi ban gaya masa ba. Cewa kawai na yi ya haska tocila kusa da tsakiyar faifan ya faɗa mini abin da ya gani.

Ya turo saƙon murya. Ina da shi, na saurare shi ya fi sau talatin. Ya ce, “Yaya, ni ban gane ba fa, akwai wasu harufa uku, R da V da G, sai wani ɗan zane kamar kunnen mutum, ko lalacewa ce faifan ya yi?” Ko lalacewa ce. Da muryar nan ta marainiya, har da ɗan jan numfashi. Ina tsaye a ƙofar gida na ji jikina ya ɗauki rawa. Na ce wannan yaron bai san abin da ke hannunsa ba.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Naira 250,000 ya yi wa faya-fayan guda shida kuɗi. Ni, da bakina, na ce masa Blue Train kaɗai in na asali ne a ƙasar waje dubban daloli ake sayensa, ba ni da wannan ƙarfin, amma ba zan ci haƙƙin marayu ba. Ni na ƙara kuɗin zuwa 335,000. Ni na ƙara! Ya ce, “Yaya, Allah ya saka da alheri, gara ya je hannun wanda ya san darajarsa, ba don asibitin Hajiya ba wallahi da ba za mu taɓa kayan Baba ba.” Har addu'a na yi wa Hajiyar da ban san ko tana duniya ba.

Na tura kafin alƙalami 150,000 ranar Litinin. Ko Lahadi ce da dare, rasit ɗin zai nuna. Na ce zan shigo Zariya da kaina in gani, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, sai ya ce an mayar da Hajiya wani asibiti a Kano, yana can, amma ƙaninsa zai haɗa kayan ya kai tasha. Na tura cikon 185,000. Sai kuma 25,000, wai na katako da soso da kuɗin direba don kada zafi ya lanƙwasa su a but. Wannan ma ni na koya masa, ni na ce kada a sa su a but. 150,000 da 185,000 da 25,000. Naira 360,000. Sunan da ke kan asusun na mace ne, na gani, na tambaya, ya ce yayarsa ce mai riƙe da kuɗin magani. Na tambaya fa. Ba wai ban lura ba.

Kaya ya iso, wannan ne ma ya sa ban farga da wuri ba. Na ɗauko kwalin daga Kawo na rungume shi a Keke kamar jariri. A falo na yanke salatif da reza a hankali. Baƙin kwalin ne a sama. Ina taɓa shi na ji santsi, sumul, takardar kalanda ce aka buga aka manna a kan kwalin indomi, har gam ɗin ya tsattsafo ta gefe. Na zaro na Coltrane hannuna na karkarwa. Tambarin hoto ne aka yanka da almakashi, da'irar ma ba ta daidaita ba. Na sa farce na ɓare, sai ga tsohon faifan waƙoƙin coci a ƙasa, duk ya kakkarce. Shida ɗin duk haka. Uwargida tana tsaye da kofin shayi ta ce, “Maigida, lafiya?” Na kasa ce mata komai. Kuɗin nan rabinsu na gyaran rufin ɗakin yara ne kafin damina ta yi nisa, kuma ta sani.

Na kira, a kashe. WhatsApp ya toshe ni, shafin Facebook ɗin ya ɓace. Hotunan tambarin da ya turo mini na kusa-kusa, wani abokina ya bincika a intanet cikin minti biyu ya gano daga tallan wani mai sayarwa a Amurka aka kwafo su. Na kan dardumar ne kawai nasa, su ma daga nesa ya ɗauka. Na je banki an ce an riga an kwashe kuɗin a POS ranar da suka shiga. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na ba su komai.

In wani ya zo muku da labarin kayan marigayi, kada ku tura ko sisi sai faifan na hannunku kun ɗora allura a kai. In nesa ne, a yi kiran bidiyo ya juya faifan a gabanku.

Hotunan hirarmu, rasit uku da saƙon muryar nan duk zan ɗora su yau da daddare, ina rufe sunan matar ne tukuna don ban san ko da saninta aka yi ba. Yanzu da wani sabon suna yake yawo, kuma ya ce wa ɗan'uwan nan na jiya yana Jos, mahaifiyar kuma ƙoda ce ke damunta. Duk wanda ya taɓa ganin jar dardumar nan a wayarsa ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ina haɗa sunayenmu ne in kai wa mai binciken ranar Alhamis.