Katin hoto ya biya ni, fawa saflai ya kusa ƙona min komai

Duk wanda ya san kasuwar Circle da ke Accra ya san yadda ake cinikin kayan kwamfuta a can, don haka ba sai na tsaya kan farashi ba. Da 'yan sidin da na tara na haɗa kwamfuta mai furosesa Ryzen 5 5600, madabod B450, RAM 16GB, SSD na NVMe, da katin hoto RX 6600 na hannu. Na ƙi RX 580 duk da arharsa, domin tun da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a Satumbar 2022 irinsa suka cika kasuwa, da yawansu sun sha wuya dare da rana.

Gaskiya RX 6600 ya burge ni. GTA V da ƙwallon FC suna tafiya sumul a 1080p, ba ya ihu, ba ya zafi sosai. Mai shagon ma ya sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod, a gabana, don tsohon B450 ba ya gane Ryzen 5000 sai an yi haka. A ranar har addu'a na yi masa.

Abin da ya ɓata min rai shi ne fawa saflai, wato abin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta. Mai shagon ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka ƙara kashe kuɗi, wanda ya zo da akwatin nan wat 600 ne, ya ishe ka." Fawa saflai ɗin ba shi da wayar fil takwas da katin ke buƙata, sai mai shagon ya sa min wata 'yar mahaɗa daga wayoyin molex. Na kai gida Nima, muka zauna da ƙannena, wasa ya ɗau zafi, sai ɗif! Kwamfuta ta mutu, alhali fanka na juyawa a ɗaki. Aka sake kunnawa, ta sake mutuwa, wannan karon da warin roba. Da na taɓa wayar sai da na janye hannu.

Na kira mai shagon, wai dumsor ne, wato ɗauke wuta, wutar unguwarmu ce ba ta da ƙarfi. Wane dumsor, ga firji da talabijin suna aiki? Wani mai gyara a Mamobi ne ya nuna min rubutun da ke jikin fawa saflai ɗin: layin 12V amfiya 18 kawai yake bayarwa, wato wat 216. A wannan layin furosesa da katin hoto suke sha. Katin shi kaɗai yana jan wat 132, furosesa kuma 65 ko sama da haka idan aiki ya yi nauyi. Me ya rage? AMD, kamfanin da ya ƙirƙiro RX 6600, da kanta ta ce a nemi wat 450 na gaske ga wannan katin. Mutumin da ya iya sabunta BIOS ba zai ce bai san wannan ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Da katin ya ƙone, ina zan sake samo kuɗinsa?

Dole na fasa sayen sabon allo, na sayi wat 550 mai shaidar 80 Plus Bronze a wani shago. Tun daga nan ko sau ɗaya ba ta mutu ba.

Da na so in ce shagon ba laifi in ban da wannan. Amma da muka buɗe akwatin sai na tuna zancen RAM. Na ce masa 8GB guda biyu nake so, don Ryzen ya fi sakin jiki idan suna aiki bibbiyu, shi kuwa ya sa min 16GB ƙwaya ɗaya, ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma ya sani. Na mayar masa da tsohon fawa saflai ɗin da wayar da ta narke, ya ce kayan wuta ba a mayarwa, ko haƙuri bai ba ni ba. Na biyun RAM ɗin ma a wani wuri zan saya ƙarshen wata, in Allah ya yarda.