Satifiket ɗin Excel: na cibiya, na intanet, ko na Microsoft?

Ɗan'uwa, ka ce ka kammala kwas ɗin Excel a wata cibiyar kwamfuta a nan Katsina, kana tambaya ko takardarsu ta isa neman aiki ko sai ka ƙara da ta intanet. Takardun nan iri uku ne, kuma ba abu ɗaya suke shaidawa ba.

Ta cibiya tana nuna ka halarci darasi. Mai shago ko makaranta mai zaman kanta a cikin gari ko Daura zai karɓa. Rauninta shi ne wanda ke Abuja ba shi da hanyar tantance ta. Kafin a buga, rubuta musu sunanka harafi da harafi yadda yake a NIN, domin Muhammad da Mohammed kaɗai sun isa su jawo maka tsaiko wajen tantance takardu. A sa hatimi, sa hannu, kwanan wata da abubuwan da aka koyar. Kuɗin satifiket kuwa, a tambaya tun ranar rajista.

Ta intanet ta fi ta da abu guda: tana da adireshin da kowa zai buɗe ya tabbatar. A shafin kwasa-kwasai na Udemy sai kowane bidiyo ya samu alamar kammalawa kafin takardar ta fito, kwasa-kwasan kyauta kuma ba su da ita. Nan mutane ke maƙalewa, darasi guda bai yi alama ba saboda data ta yanke, sai a yi ta jira. Coursera, wani shafin irinsa, ta fi tsauri, sai ka ci gwaje-gwajen da ake ba maki, kuma kallon kyauta ba ya kawo takarda. Akwai neman tallafi ga wanda ba shi da hali.

Ta uku ita ce MOS (Microsoft Office Specialist), wadda kamfanin Certiport ke shirya wa Microsoft. Wannan jarrabawa ce, ana zama a cibiyar da aka amince da ita, minti 50, a cikin Excel kansa, kuma ana buƙatar maki 700 cikin 1000. Matakin farko ya ƙunshi tsara tebur, zana alƙaluma a hoto (charts), da lissafi irin su SUM da IF, PivotTable (teburin taƙaita bayanai masu yawa) kuma sai a mataki na sama. Ta fi tsada, amma ita kaɗai ke cewa an gwada ka a gaban mai sa ido.

Shawarata: karɓi ta cibiyar yanzu, ka fara nema da ita. In banki ko ƙungiyar agaji kake hari, tara kuɗin MOS. Kuma ka ci gaba da gwaji kullum, domin a intabiyu sukan miƙo kwamfuta su ce ka fitar da jimillar albashin ma'aikata kowane sashe daban.