Yaron da bai yi wa kwamfutata fomat ba

Ranar Talata ce, saura kwana huɗu mu raba sakamakon jarrabawar zango na uku. Ni ce ke haɗa makin azuzuwa tara a makarantar da nake koyarwa, kuma duk suna cikin Excel a kwamfutata, wata HP ta hannu da na saya shekara biyar da suka wuce, mai Windows 10. Bayan sallar asuba na buɗe ta don in ƙarasa na 'yan aji biyu kafin yara su tashi, sai na ga layin nan na ƙasan allo, wanda masu gyara ke ce wa taskba, ya bar ƙasa ya koma gefen dama ya miƙe a tsaye. Akwatin binciken da ke kusa da Start ya ɓace, sai ɗan tambarin madubi. Kusa da agogo ga wata alama shuɗiya da ban san ta ba. Da na danna Chrome, maimakon ya kai ni Google, sai ya buɗe wani shafi cike da tallar cacar ƙwallo da maganin rage tumbi. Gabana ya faɗi. Na rufe ta na ce wa maigida, bairos ya shiga.

Shagon da na fara zuwa a unguwarmu yake. Mai shagon ko kunna ta bai yi ba. Ina gama bayani ya ce, "Hajiya, wannan sai fomat. N10,000 ne, har da sa miki maganin bairos." Fomat kuwa shi ne a goge komai a sake sa Windows. Na tambaye shi fayiloli fa? Ya ce zai kwashe abin da ya samu. Wannan kalma ta "abin da ya samu" ita ta sa na mayar da kwamfutata jaka. Makin yara sama da ɗari uku ba abin da za a ce a kwashe abin da aka samu ba ne.

Wata abokiyar aikina ce ta kwatanta min wani ɗan shago a layin Beirut, cikin wani bene, ta ce in nemi yaron da ke zama a kujerar ciki. A kan aikinsa nake wannan rubutu, domin na daɗe ban biya kuɗin aiki raina ya kwanta irin na ranar ba, duk da cewa shagon yana da nasa matsalolin da zan zo kansu.

Matashi ne, ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba. Muka gaisa, ya ce, "Malama, kafin in taɓa, yaushe kika fara ganin haka? Kuma mene ne abu na ƙarshe da kika sauke?" Na ce ban sauke komai ba. Ya ce in ƙara tunani, ko da ƙaramin abu ne. Sai na tuna ranar Lahadi an turo min takardar tsarin karatu a PDF, na nemi manhajar kyauta da za ta mayar min da ita Word, na sauke ta farko da ta fito, na yi ta danna maɓallin ci gaba har ta gama. Ya gyaɗa kai, ya tambayi ko yara na taɓa ta. Na ce autana ya kalli katun a ciki daren Litinin.

Abu na farko da ya yi shi ne kashe Wi-Fi. Na biyu, ya ce in nuna masa foldar da ba zan iya rasawa ba. Ya ɗauko sabon filash a cikin ledarsa, na saya, ya kwafe foldar sakamakon a gabana, ya buɗe fayil biyu daga cikin filash ɗin don mu tabbatar suna buɗewa, sannan ya miƙa min ya ce in jefa a jaka. A lokacin ne numfashina ya dawo daidai.

Daga nan ya raba min matsalar gida biyu, kuma wannan ne ya fi burge ni. Ya ce komawar layin gefe daban, shafin talla daban. Ya danna ɓangaren dama na linzami a kan layin, ya nuna min inda ake kulle shi, babu alamar kulle. Ya ce a Windows 10 idan ba a kulle yake ba, ko yaro ya danne shi ya ja zai bi shi gefe ko sama, kuma idan ya miƙe a gefe akwatin binciken ba ya samun wurin zama, shi ya sa ya koma ɗan madubi. Ya ja shi ya dawo ƙasa, ya kulle, akwatin ya dawo. Bai kai minti ɗaya ba. Ya ce ba duk canjin da mutum ya gani a wannan layin ba ne bairos. A 2021 Microsoft ta ƙara wa Windows 10 wani abu mai nuna yanayin gari da labarai kusa da agogo, mutane suka yi ta kai wa masu gyara kwamfutocinsu ana cewa an yi kutse, alhali sabuntawa ce. Haka kuma da Windows 11 ta fito a watan Oktoba na shekarar, tambura suka koma tsakiya, wasu suka ɗauka lalacewa ce. Wani lokacin ma layin yakan sanƙare ko ya ɓace saboda Explorer, manhajar da ke riƙe da shi, ta rikice, sai a danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe, a sake tayar da ita daga can, shi ke nan.

"Amma Malama," in ji shi, "wannan shuɗiyar alamar da shafin cacar, su ba aikin auta ba ne."

Ya shiga jerin manhajojin da ke kan kwamfutar ya jera su bisa ranar da aka sa su. A ranar Lahadin nan guda uku ne suka shiga: mai juya PDF ɗin da na sani, da wasu biyu da ban taɓa jin sunansu ba, ɗaya tana iƙirarin ƙara wa kwamfuta sauri. Ya ce haka suke zuwa, goye a bayan ta kyautar, akwatin amincewa a cike tun farko, mutum na sauri ba ya lura. Sai ya nuna min wani abu da har yanzu nake gani a idona. Ya buɗe bayanan tambarin Chrome ɗin da ke kafe a layin, wurin da aka rubuta hanyar da yake bi ya buɗe burauzar. Bayan chrome.exe, inda ya kamata rubutun ya ƙare, an liƙa wani dogon adireshin intanet. Ya sa yatsa a kan allon ya ce, "Kin ga? Chrome ɗinki lafiyarsa ƙalau. Ƙofar da kike bi kike shiga ce aka karkatar." Ya goge adireshin.

Na ɗauka an gama. Ya ce a'a, idan aka tsaya nan gobe zai dawo, sai an nemo abin da ke sake rubuta shi. Ya sa nasa filash ɗin ya buɗe Autoruns, wata ƙaramar manhaja ta kyauta daga Sysinternals, wadda ke hannun Microsoft tun 2006. Aikinta ta zayyano duk abin da ke tashi da kansa idan an kunna kwamfuta. Jerin yana da tsawo, na rasa yadda yake gane wani abu a ciki. Ya ce launi yake fara bi: rawaya na nufin fayil ɗin ba ya nan, ruwan hoda kuma na nufin ba a tantance sa hannun kamfanin da ya yi shi ba. Ya ƙara da cewa ba duk mai launin hoda ne mugu ba, dole a duba inda yake zaune. A sashen ayyukan da aka tsara wa lokaci muka ga ɗaya mai suna kamar na sabunta burauza, amma ba sunan kamfani, kuma yana ɓoye a cikin foldar AppData, ranar shigarsa Lahadi. Ya kunna intanet na ɗan lokaci ya duba shi a VirusTotal, shafin da ke gwada fayil da injinan kamfanonin tsaro kusan 70 a lokaci guda. Da dama daga cikinsu suka nuna ja, suna kiran sa manhajar talla. A nan ya ja min kunne cewa kada in taɓa ɗora takardun makaranta ko na sirri a wannan shafin, domin abin da aka ɗora masu bincike na iya ganinsa.

Sauran aikin ya tafi da sauri. Ya cire manhajojin uku, ya sa AdwCleaner na kamfanin Malwarebytes ya tattara ragowar ya killace, ya cire wani ƙari da aka cusa wa Chrome, ya mayar da saitinsa na asali. A ƙarshe ya sa Microsoft Defender ya yi binciken nan da yake yi bayan kwamfuta ta mutu ta tashi, kafin Windows ta gama buɗewa, don kada wani abu ya samu damar ɓuya. Wannan ya ɗauki kusan minti goma sha biyar. Ya kuma duba tsohon filash ɗina da nake kaiwa wurin buga takardu, saboda bairos ɗin nan da ke ɓoye foldoji ya bar tamburan bogi a madadinsu. Ba shi a ciki.

Na tambaye shi wane maganin bairos zai sa min. Ya ce ba zai sa komai ba, Defender da ya zo da Windows ya ishe ni idan ina barin sa ya sabunta kansa, kuma shi ba ya sa wa mutane manhajar tsaro da aka fasa, don sau da yawa cutar a cikin fasasshiyar take zuwa. Ya ce in canza kalmar sirrin Gmail daga wayata tun ina zaune, tunda na adana ta a burauzar, in kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Na yi. Abin da ya ƙara min yarda da shi shi ne bai yi min alƙawarin da ba zai iya cikawa ba. Ya ce abin da ya gani manhajar talla ce, amma ba mai iya rantsuwa cewa ba abin da ya rage, idan shafin ya dawo ko na ga wani baƙon abu in kawo ta, a lokacin fomat ya zama dole. Ya kuma sanar da ni cewa 14 ga Oktoba, 2025 ce ranar da Microsoft ta sa ta daina tallafa wa Windows 10, kuma injin tawa ya tsufa da ɗaukar Windows 11, don haka in fara tunanin abin yi. Bai ce in saya a wurinsa ba.

To, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shagon ƙarami ne ƙwarai, benci ɗaya ne, kuma maza sun cika shi, sai da wani dattijo ya tashi ya ba ni wuri. Janareta na bakin ƙofa, ƙara da hayaƙi duk ciki suke shigowa, na fito da ciwon kai. Na isa ƙarfe goma sha ɗaya ban baro ba sai bayan la'asar, kuma rabin lokacin jira ne, don yana aikina yana amsa waya yana duba na wasu. Ba sa ba da rasit sai ka nema. Abin da ya fi damuna shi ne al'adar da na gani a can: kwamfutocin da aka bari suna jere a kanta, kowacce da takarda manne a murfi ɗauke da kalmar sirrin mai ita, duk wanda ya shigo yana iya karantawa. Yaron da ke karɓar kaya ya nemi in rubuta tawa, na ƙi, na ce zan zauna in shigar da kaina. Na faɗa wa mai gyaran cewa mutumin da ya hana ni ɗora takarda a intanet bai kamata ya bar sirrin mutane a fili haka ba. Ya ce gaskiya ne, zai yi wa maigidan shagon magana. Duk wadda za ta je, ta ware yini guda ta zauna a yi a gabanta.

Ya caje ni N5,000, ban da kuɗin filash. Ban nemi ragi ba.

Ranar Asabar muka raba sakamako kamar yadda aka tsara. Yau mako uku ke nan, Chrome na buɗe Google, shuɗiyar alamar ba ta dawo ba. Na buɗe wa yara nasu asusun daban a kwamfutar, wanda ba ya iya sa manhaja sai da kalmar sirrina, shi ma shi ya nuna min yadda ake yi kafin in tafi. Duk ranar Juma'a kafin in tashi daga makaranta nakan kwafe foldar sakamakon a filash ɗin nan, in mayar da shi aljihun jaka.