Alamar ₦ a kibod ɗin AZERTY: AutoHotkey ko sabon tsarin kibod?

Alhaji, barka da kasuwa. Na ga tambayarka: kana sayo kaya daga Kano da Katsina ta Ɗan Isa, rabin lissafinka da naira kake yin sa, amma kibod ɗinka irin na Faransa ne, wato AZERTY. $ da £ da € duk suna nan, ₦ kuwa babu. Kana son maɓallin £, wanda ba ka da aikin yi da shi, ya riƙa ba ka ₦. Zai yiwu, kuma hanyoyi biyu ne suka isa a auna su.

Wani ya ba ka shawarar manhajar SharpKeys. Ka bar ta. Ita maɓalli guda take musanyawa da wani maɓallin, ba ta iya haifar da alamar da tsarin kibod ɗin bai san ta ba.

Hanya ta farko AutoHotkey ce, manhaja ta kyauta. Bayan ka saka ta, sai ka buɗe Bloc-notes ka rubuta wannan layin, wanda na AutoHotkey siga ta 2 ne:

<^>!n::SendText "₦"

Ka adana shi da suna mai ƙarewa da .ahk, a tsarin UTF-8, ka danna shi sau biyu. Daga nan AltGr da N za su ba ka ₦. Na zaɓi N ne don a AZERTY babu komai a wurin, kuma hannu ba ya mantawa. Daɗinta shi ne sauri, da kuma sefa: tunda kuɗinmu ba shi da alama guda, sai a rubuta FCFA, kana iya ƙara layi na biyu maɓalli ɗaya ya zubo maka haruffan gaba ɗaya. Amma dole manhajar ta kasance a kunne. In wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu, manhajar ba za ta dawo da kanta ba sai in ka ajiye fayil ɗin a cikin shell:startup, wato wurin da Windows take tayar da abin da ke ciki duk sanda aka kunna kwamfuta. Wani lokaci kuma antibirus kan yi mata kallon ɓarawo.

Ta biyu ita ce Microsoft Keyboard Layout Creator, manhajar ƙera sabon tsarin kibod, siga ta 1.4. Tsohuwa ce, tana neman .NET Framework 3.5 kafin ta tashi, kuma sai kana da izinin mai kula da kwamfutar. A ciki za ka ɗauko tsarin Faransanci da kake da shi, ka zaɓi Shift, ka danna gurbin £, ka rubuta U+20A6, wato lambar ₦ a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa. Sai ka sa ta haɗa maka fayil ɗin sakawa, ka saka, ka kashe kwamfutar ka kunna. Wahalar ta rana ɗaya ce. Bayan haka Windows da kanta ta san maɓallin, babu wata manhaja da za a jira ta tashi, kuma a Word da Excel da WhatsApp na kwamfuta duk abu ɗaya ne. In kana so ka koma tsohon tsari, maɓallin Windows da na tazara kawai za ka danna.

Ni dai a matsayinka, ta biyun zan bi. Kwamfutar shagonka ce, yara ne ke buga takardun kaya a kanta, kuma abin da ba ya bukatar a tuna da shi ya fi dacewa da shago. Fayil ɗin sakawar ma kana iya ɗaukarsa a kile (USB) ka kai wa ɗaya kwamfutar. AutoHotkey ta fi wa mai son gajerun hanyoyi da yawa, kamar sunan shago da lambar waya a maɓalli ɗaya. In kuwa a sibar kake aiki, wato shagon intanet, kada ka taɓa musu komai: a Word ka rubuta 20A6 ka danna Alt da X (ko Alt da C a Word na Faransanci), ₦ za ta fito.

Abin da ya fi damuna shi ne Excel, don a nan kuɗi ke ɓata. Kada ka buga ₦ da hannu a gaban adadi. Kwamfutar da aka saita da Faransanci tana iya ɗaukar ₦45000 a matsayin rubutu, sai jimilla ta tsallake shi ba tare da ta ce maka uffan ba. Ka rubuta 45000 zalla, sannan ka shiga Format de cellule ka sa alamar daga can. Naira da sefa kuma kowace da nata layin, kada su haɗu a jimilla ɗaya.

Kafin ka buga takarda ga abokin ciniki, ka gwada ɗaya. Wasu salon rubutu ba su da ₦, sai ka ga ɗan akwati a gurbinta, musamman a ƙananan injinan rasit. In haka ta faru a takarda ka koma Arial, a injin rasit kuwa ka rubuta NGN.